Tawada a Kara-Kara

Ni tafinta ne, aikina ke nan,
in ɗauko magana daga bakin likita
in sauke ta inda kunne zai iya ɗauka.
Ran Laraba muka hau Kara-Kara.
Mota ta tsaya a ƙasa, duwatsu sun tare ta,
muka ƙarasa da ƙafa, ni da akwatin ƙanƙara,
kwalabe sittin, kowace da lambarta,
da takarda shafi huɗu cikin Faransanci.

A hanya direba ya ba ni shawara:
"Mutari, rana na yi, gajarta musu.
Ka ce magani ne kyauta, kowa ya dangwala."
Na san kalmomin nan uku za su cika kwalaben
tun ladanin Birni bai kira azahar ba.
Na kuma san ba magani muka kawo ba,
tambaya muka kawo, sanye da farar riga.

Cima ce ta tara a layi,
tsohuwa, da jarkarta rawaya a gefe,
tun asuba take gadin famfon da bai zubo ba.
Na buɗe tawada, na ce kawo hannu.
Ta miƙo.
Ciwon da ya warke tun ban zo duniya ba
ya tafi da babban yatsa, ya bar dungu.
Na tsaya, tawada buɗe, bakina buɗe.

Ta ce, "Yaro, bar jin kunya.
Can baya wasu sun zo da irin motarku,
suka ɗebi jini, suka tsaga ni a nan,"
ta taɓa leɓen kunnenta,
"suka ɗau hotona ko kallabi ban ɗaura ba.
An ce fuskata na cikin littafi a wata ƙasa.
Ko sannu ba su aiko ba.
To wannan jinin, ina za shi?
In sun ga wani abu ciki, wa zai hawo ya gaya mini?
In na ce a'a, jibi na zo da masassara,
ƙofar asibiti za ta san ni?"

Na rufe tawada, na zauna bisa dutse,
na karanta mata shafi huɗun nan duka,
sannu, kamar mai tsince tsakuwa cikin gero.
Jinin Yamai za shi, ya yi shekara biyar cikin sanyi.
Sunanta nan zai zauna, lamba ce za ta yi tafiya.
Allurar da zafi, wurin kan ɗan kumbura.
Amfanin kuwa, in ya zo,
wataƙila jikokinta zai tarar, ba ita ba.
Wata kalma ta ƙi shiga Hausa,
na ce mata ta ƙi,
likita Kanta ta durƙusa ta zana ta a ƙasa da tsinke.
A ƙarshe na kai layin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe:
a'a ma amsa ce, kuma ba a cin ta tara.

Inuwa ta gudu ta bar mu.
Ƙanƙara ta fara hawaye cikin akwati.
Layi ya karye, kowa ya matso da kunnensa.

Cima ta ce, "Yau dai ban ba ku ba.
Zan kwana da maganar. Ku dawo Asabar."
Ta ɗau jarkarta.
Mutum sha ɗaya suka bi bayanta.

Muka sauko, kwalabe na kaɗawa wayam.
Direba bai ce mini uffan ba har Zango.
Likita ta rubuta cikin kayenta: ba ta amince ba tukuna,
ba ta ƙara ko wasali ba.

Gobe ce Asabar.
Ban san abin da Cima za ta ce ba.
Na wanke hannu da toka, na sake da sabulu,
tawadar ranar tana nan a babban yatsana.